Bashin Keke

Motar Kaciya ta sauke ni a bakin hanya,
inda kwalta ta gaji, jar ƙasa ta karɓa.
Ɗan acaɓa ya dubi takalmina, ya girgiza kai:
"Kurmin Ɗorawa? Sai ka tuɓe, maigida,
rafi biyu ke gabanmu kafin isowa."

A aljihuna akwai takarda mai ninki huɗu,
rubutun Baba, daren da numfashi ya fara yi masa rowa:
"Keken Jatau na ara, na sayar,
na yi kuɗin mota zuwa masaƙar Kakuri.
Shekara arba'in ke nan. Ka biya shi, ban da nawa."

Garin bai kai gida talatin ba.
Rumbuna tsaye da hulunan ciyawa,
ɗaya ya karkace kamar mai sauraren gulma.
An tsaga citta an baza a kan falalen dutse,
ta shiga hancina ba sallama,
atishawa uku na yi a jere,
yara suka zube ƙasa don shewa.

Na sami Jatau a gindin mangwaro yana tufkar igiya,
yana ta rufe masa ido, hannu ke yi masa gani.
Ya shafa fuskata tun daga goshi har haɓa:
"Hancin Barau ne wannan.
Mai da kuɗinka aljihu. Laraba,
kai baƙo ya ga gari, magana ba ta guduwa."

Jikarsa ke gaba, silifas ɗaya ja, ɗaya shuɗi.
Muka ratsa gonar acca, ta kwanta don nauyin kai,
muka taka gadar gora mai kuka a kowane taki.
Ta nuna mini tsohon rami, baƙin kashin tama a warwatse:
"Nan kakanni suka dafa dutse ya zama fartanya."
Ta faɗa ta wuce, kamar zancen dafa dawa.

Sai dutse.
Ita ta hau kamar akuya, ni da hannu da gwiwa.
Gwaggon biri na zaune da zangarniyar masarar wani,
ya dube ni, bai ga abin tsoro ba, ya ci gaba.
A can sama iska ta ƙwace mini hula.
Na ga rafi ya faɗo ta tsagin dutse, fari kamar sawu,
na ga ruga, shanu da balbelu a bayansu,
masallaci da coci, rufin kwano iri guda, tsatsa iri guda,
da siririyar hanya, zare ɗaya tak,
wadda Baba ya bi bai waiwayo ba.
Na daɗe ina kallonta. Laraba ta gaji, ta hau tsintar kanya.

Da almuru aka kawo tuwon acca da miyar karkashi.
Na sake fito da kuɗin. Jatau ya yi dariya har da tari:
"Keken nan ko birki ba shi da shi!
Da ya tambaya, da kyauta na ba shi.
Abin da na bi shi, ya zo mu zauna a nan ko sau ɗaya.
Kunya ta cinye mana shekara arba'in a kan ƙarfen banza."

Ya laluba, ya zari takarda ɗaya, ta goro.
Sauran ya tura mini da bayan hannu.
Ya yi shiru, sannan ya ce, "Ya sha wuya?"
Na ce a'a. Ƙarya na yi, kuma ya sani.

Da safe suka ɗaura mini rabin buhun citta.
Har muka shigo Kaduna motar na ta atishawa,
direba na tsaki, wata mata na tambayar farashi.
Na ce ba ta sayarwa ba ce.
Idona na ruwa, na bar su a kan cittar ce ta jawo.